DIFLOMAR LANTARKI: RIBA KO ASARA GA 'YA'YAN NGURU DA GASHUWA?

A kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar fita sakandare ya fito, akwai wata muhawara da kan tashi a zaurukan gidaje da yawa a Nguru da Gashuwa. Yaro ya ci darussa biyar, har da Lissafi da Turanci da Fizis da Kemistiri, kuma tun yana ƙarami ba a raba shi da kwance rediyo da ɗaura ƙwan fitila. Uban yaron, wanda wataƙila fataucin busasshen kifi ko noman rani ne abin da yake riƙe gida da shi, sai ya tara 'yan'uwa a yi shawara. Wani kawu ya ce a kai yaron wurin mai wayarin na unguwa ya koyi aiki, cikin shekara biyu ya fara kawo cefane. Wani baffa kuma ya ce a'a, a daure a tura shi kwalejin fasaha ya yiwo difloma a fannin lantarki, don gobe ba yau ba ce.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma abin da ake jayayya a kai ba ƙarami ba ne. Magana ce ta sayar da sa ko jinginar da fadama, da kuma shekarun ƙuruciyar yaro waɗanda in sun wuce ba su dawowa. Saboda haka ya kamata a ɗora al'amarin a kan sikeli, a ga abin da ake kashewa da abin da ake samu.

MECE CE WANNAN DIFLOMA?

Ƙaramar difloma ta ƙasa, wadda aka fi sani da ND, karatun shekara biyu ne a kwalejin kimiyya da fasaha, watau zango huɗu. Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedkwatarta ke Kaduna, ita ce ke tsara manhajar karatun, ita ce kuma ke zagayawa ta duba ko makaranta tana da malamai da kayan aikin da suka isa a amince mata ta koyar da kwas ɗin.

A fannin lantarki, ɗalibi yana koyon ka'idojin wutar lantarki, da wayarin ɗin gine-gine, da yadda injuna masu aiki da wuta da taransifoma suke, da yadda ake samar da wuta a rarraba ta, da ƙananan na'urori irin na cikin rediyo da talabijin, da aune-aune, da zanen fasaha, da lissafi mai ɗan zurfi. Bayan shekarar farko akan tura shi horon wata huɗu a wata ma'aikata ko masana'anta, a ƙarƙashin shirin SIWES wanda Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, ya ƙirƙiro a 1973. A zangon ƙarshe kuma sai ya haɗa wata na'ura da hannunsa, ya rubuta bayaninta, ya kare ta a gaban malamai.

Wanda ya gama, in yana son ci gaba, sai ya yi shekara ɗaya yana aiki a masana'anta, sa'an nan ya koma ya yi wata shekara biyu ya sami babbar difloma, watau HND. Jimla shekara biyar ke nan, daidai da tsawon digirin injiniya a jami'a. Akwai kuma wata ƙofa: wanda ya fita da sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ta hannun hukumar JAMB, ya ƙara shekara huɗu ya zama mai digiri.

Irin wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Makarantar fasaha ta Yaba a Ikko ta samo asali tun zamanin Turawa, ta Kaduna kuwa an buɗe ta a 1956, ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. Ta Ramat da ke Maiduguri ta fara a 1973 a matsayin kwalejin koyon sana'a ta gwamnati, daga baya aka sa mata sunan marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed. A can ne 'ya'yan ƙasar Bade da Nguru da yawa suka yi karatu a lokacin da yankin yake cikin Jihar Borno, kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe ranar 27 ga Agusta, 1991.

TILAS A BAR GIDA

Abu na farko da ke ƙara wa ɗan Nguru ko Gashuwa nauyi shi ne nisa. Garuruwan biyu ba su rasa manyan makarantu ba. Gashuwa tana da Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman. Nguru tana da kwalejin shari'a da ilmi, da ta horar da ma'aikatan lafiya. Amma kwalejojin kimiyya da fasaha na gwamnati guda biyu da jihar take da su suna wasu wurare ne: ta Tarayya a Damaturu, ta jiha kuma, mai sunan Mai Idris Alooma, a Gaidam. Wanda bai sami ɗaya daga cikinsu ba sai ya nufi Maiduguri, ko Kazaure, ko Kano, ko Kaduna.

Ma'anar wannan ita ce, kuɗin makaranta da ake rubutawa a takarda ba shi ne babban kashin abin da uba zai kashe ba. Yaron da yake cin tuwon gida yana kwana a shagon samari kyauta, yanzu sai an kama masa ɗaki ko gado, sai an auna masa gero da shinkafa da mai, sai an biya masa kuɗin mota zuwa da dawowa a kowane hutu. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da N200 ta haye N500 cikin 'yan kwanaki, ta kai wajen N1,000 kafin ƙarshen 2024. Kuɗin mota da na abinci duk suka bi ta.

Sa'an nan kwas ɗin lantarki yana da nasa ƙananan buƙatu waɗanda ɗalibin sashen mulki ko akanta bai san da su ba. Akwai rigar aiki da takalmi mai kauri, da allon zane da kayansa, da kalkuleta, da mitar gwaji, da filaya da sukudireba da ƙarfen narka dalma. Akwai kuɗin zama a wani gari na wata huɗu lokacin horo, domin ƙauye ba shi da masana'antar da za ta karɓi ɗalibi. A ƙarshe akwai kuɗin kayan na'urar da zai haɗa ta kammala karatu, waɗanda kusan dukkansu daga waje ake shigo da su, farashinsu kuwa ya tashi tun da darajar Naira ta faɗi daga tsakiyar 2023.

ASARAR DA BA A RUBUTA TA

Bayan kuɗin da ke fita daga aljihu, akwai wanda bai shigo ba. Shekara biyun da yaro ya yi a aji, da yana gona ko kasuwa da ya samo wani abu. In aka ɗauki mafi ƙarancin albashi na ƙasa, N70,000 a wata, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, a matsayin ma'auni, wata 24 sun kama N1,680,000. Gaskiya ne yaron shago ba ya samun haka a shekarunsa na farko, amma lissafin yana nuna cewa lokaci ma kuɗi ne, kuma gidan da yake jiran hannun ɗansa a lokacin girbi ya fi kowa sanin haka.

Kuma ba kullum shekara biyun take tsayawa a biyu ba. Yajin aikin da ƙungiyar malaman kwalejojin fasaha, ASUP, ta shiga daga Oktoban 2013 bai ƙare ba sai a Yulin 2014. Ɗaliban wancan lokaci sun yi asarar kusan shekara guda suna zaune a gida, alhali kuɗin hayar ɗakunansu yana tafiya.

Akwai kuma zancen tsaro, wanda iyaye a Yobe ba su mance da shi ba. Harin da aka kai Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a Satumban 2013, inda aka kashe ɗalibai da dama suna barci, da wanda aka kai garin Gaidam a Afrilun 2021 har dubban mutane suka yi gudun hijira, sun sa uwaye da yawa ba su sakin jiki in an ce ɗansu zai yi gabas ko kudu. Wasu kan gwammace su biya ƙarin kuɗi yaro ya yi yamma wajen Kano. Wannan ma yana cikin tsadar karatun.

HUJJAR MASU CEWA A KAI SHI SHAGO

Kawun da ya ce a kai yaro wurin mai wayarin ba don jahilci ya faɗa ba. A Nguru da Gashuwa akwai ƙwararrun masu gyaran wuta, da masu naɗin kwayil na fanka da injin ban ruwa, da masu gyaran janareto, waɗanda ba su taɓa shiga aji an koya musu dokar Ohm ba, amma sun gina gidaje, sun aurar da 'ya'ya, wasu sun sauke farali da wannan sana'a. Yaron da aka danƙa musu ba ya biyan kuɗin zango. Yana ganin aiki da idonsa tun ranar farko, yana samun na sabulu, yana kuma sanin masu ba da aiki, wanda shi ne rabin jarin mai sana'a.

Bugu da ƙari, kowa ya san akwai masu difloma da suka fito ba su iya haɗa soket ba. Inda ɗalibai suka yi yawa, kayan gwaji suka yi kaɗan, ko aka rasa man da za a tayar da janareton ɗakin gwaji, karatun kan koma na allo da alli. Wannan ciwo tsoho ne. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injunan koyar da sana'a daga ƙasashen waje an rarraba wa makarantun sakandare, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatuna saboda babu wuta kuma babu wanda zai kafa su. Uban da ya ga haka da idonsa yana da dalilin yin taka-tsantsan.

ABIN DA AJI KE BAYARWA

To, mene ne mai difloma yake da shi wanda yaron shago ba shi da shi? Amsar ita ce lissafi. Yaron shago ya san yadda ake yi, domin ya ga maigidansa yana yi. Wanda ya yi karatu ya san dalilin da ya sa ake yi, saboda haka in aka kawo masa abin da bai taɓa gani ba, yana iya zama da biro da takarda ya warware shi.

A ɗauki misalin mai shago a kasuwar Gashuwa da yake son firizarsa ta kwana tana aiki da wutar sola, don ya sami ƙanƙarar sayarwa a watan azumi. A ce firizar tana jan wat 200, kuma ana so ta yi awa 10 bayan faɗuwar rana. Wannan ya kama wat-awa 2,000. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, saboda haka wanda bai sani ba zai ce batir ɗaya ya isa har da saura. Amma batir mai ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu tun kafin lokacinsa. Abin da ake iya amfani da shi 1,200 ne kawai. Ke nan sai batir biyu, su ma da ƙyar, domin inbata tana cin nata kason wajen juya wutar. Haka kuma injin firiza a lokacin tashi yana fizgar wuta ninkin abin da yake ja in ya daidaita, saboda haka ƙaramar inbata ba za ta ɗauke shi ba.

Haka abin yake ga faifan solar kansa. Wat 300 da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25. A kan rufin kwano a watan Afrilu a Nguru, faifan yana iya wuce digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya na ƙari yana rage masa wajen kashi 0.4 cikin ɗari. Ƙarin digiri 35 ya ci kashi 14 cikin ɗari, watau 300 ta koma wajen 260, tun ba a yi zancen ƙurar hunturu da ke lulluɓe shi ba. Wanda bai sa wannan a lissafi ba zai karɓi kuɗin mutum ya kafa masa kaya, bayan wata shida batir ya mutu, a koma ana zargin ɗan kasuwar da ya sayar.

Kaurin waya ma haka. Wayar da ta yi siriri ga nauyin da aka ɗora mata takan yi zafi, robarta ta narke, kuma wannan na daga cikin abubuwan da ke haddasa gobara a kasuwanni da gidaje. In kuma aka ja ta nesa zuwa famfon rijiyar burtsatse, ƙarfin wutar kan ragu a hanya har injin ya ƙone. Duk waɗannan akwai jadawali da ka'idar lissafinsu, kuma su ne ake koyarwa a shekarar farko ta difloma.

INA AIKIN YAKE?

Ƙofa ta farko ita ce aikin gwamnati, kuma ita ce iyaye suka fi hange. A tsarin ma'aikata, mai ƙaramar difloma yana shiga ne a mataki na 06, mai babbar difloma a mataki na 08. Ma'aikatun ayyuka da na ruwa, da hukumar samar da wuta a karkara, da ƙananan hukumomi, da asibitoci irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, duk suna buƙatar masu kula da janareto da famfuna da na'urori. Sai dai gurabun kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa. Wanda ya sayar da gonarsa da zaton takarda kaɗai za ta buɗe wannan ƙofa, yana iya daɗewa a bakinta.

Ƙofa ta biyu ita ce kamfanonin wuta. A da NEPA ce, wadda aka kafa a 1972, uwa ma ba da mama ga masu irin wannan takarda. Ta koma PHCN a 2005, aka sayar da sassan rarraba wutar ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013. Jihar Yobe ta faɗa ƙarƙashin kamfanin Yola tare da Adamawa da Borno da Taraba, kuma waɗanda suka fara sayen kamfanin sun mayar wa gwamnati shi a 2015 saboda rashin tsaro, kafin daga baya a sake sayar da shi. Har yanzu ana ɗaukar masu aikin layi da na mita da na tashoshin wuta, amma tabbacin aiki irin na zamanin NEPA ya tafi. Ban da su akwai kamfanonin da ke kula da turakun wayar salula, waɗanda suka bazu tun daga 2001, kowane turke da janaretonsa da baturansa, sai kuma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano.

Ƙofa ta uku, wadda ta fi faɗi a yau, ita ce mutum ya tsaya da ƙafarsa. Abin mamaki, rashin wutar gwamnati shi ne ya buɗe ta. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki a cikin duhu bayan an lalata manyan layukan da ke kawo wuta. Tsadar fetur ta sa janareto ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. A ɗaya gefen kuma, farashin faifan sola a kasuwar duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Waɗannan abubuwa uku da suka haɗu sun sa masu shaguna, da masallatai, da ɗakunan shan magani, da masu cajin waya, da gidajen masu hali, kowa yana neman wanda zai kafa masa sola. Ita kanta Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tana cikin makarantun da Hukumar Samar da Wuta a Karkara ta Tarayya ta sa a kashi na biyu na shirinta na gina wa jami'o'i tashoshin wutar sola.

Sai kuma fadama. Dausayin Haɗeja da Nguru, da gaɓar kogin Yobe da ta ratsa ta Gashuwa, su ne rumbun shinkafa da alkama da tattasai da albasa na wannan yanki. Manomin rani da ya saba sayen fetur kullum don injin ban ruwa ya fara komawa famfo mai aiki da rana. Kowane irin wannan famfo yana buƙatar wanda zai auna zurfin rijiya da yawan ruwan da ake so, ya zaɓi girman injin da yawan faifai, ya kafa, ya kuma dawo gyara. Nguru ta bunƙasa ne da zuwan jirgin ƙasa daga Kano a 1930, lokacin da gyaɗa da fata da ƙaro suka tara mata jama'a. A yau abin da yankin yake da shi a yalwace, wanda ba a biyan ko kwabo a kansa, shi ne rana.

A nan ma takarda tana da amfaninta. Ƙaramin aikin gida kowa na iya samu, amma kwangilar gwamnati ko ta ƙungiyoyin agaji takan nemi shaidar ƙwarewa. Majalisar Kula da Aikin Injiniya, COREN, wadda aka kafa a 1970, tana yi wa mai ƙaramar difloma rajista a rukunin masu fasaha na tsakiya, hukumar NEMSA kuma, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce ke ba da lasisin aikin wayarin. Mai difloma ya fi samun sauƙin haye waɗannan matakai.

RUFIN DA KE KAN TSANI

Wajibi ne kuma a faɗa wa yaro gaskiya game da iyakar wannan hanya. Ƙaramar difloma ba ta kai mutum bautar ƙasa, sai babba. Mai babbar difloma kuwa, ko da ya yi shekara biyar kamar mai digiri, COREN ba ta kiransa injiniya sai ya ƙaro wani karatu a jami'a. A aikin gwamnati, tsanin masu difloma ya daɗe yana tsayawa a mataki na 14, alhali mai digiri yana iya kaiwa 17. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba.

Wannan bambanci yana tasiri tun daga ƙofar shiga. A 2025 mafi ƙarancin makin JAMB da aka amince da shi don shiga jami'a 150 ne, na kwalejin fasaha kuwa 100. Saboda haka mutane da yawa suna kallon kwalejin a matsayin wurin da ake zuwa in jami'a ta ƙi. Yaron da ya shiga da wannan zuciya, yana jin kamar an jefar da shi ne, da wuya ya tsaya a ɗakin gwaji ya koyi abin da zai amfane shi.

RANCEN KARATU

Wani sabon abu da ya shigo cikin lissafin shi ne asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, wanda aka sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, har da kwalejojin fasaha, yana kuma ba ɗalibin da ya nema N20,000 a wata don ɗawainiya. Rancen ba shi da ruwa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa ta fuskar addini, kuma ana biyansa ne da kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum yake samu bayan ya fara aiki. Amma bashi bashi ne. Wanda ya karɓi N20,000 har wata 24 ya ɗauki N480,000 a wuyansa, ban da kuɗin makarantar. Ga wanda ya fito da sana'a a hannu, wannan ba abin tsoro ba ne. Ga wanda ya fito da takarda kawai, kaya ne. Akwai kuma hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, wadda ya kamata kowane ɗalibi ya nemi nasa rabon a wurinta.

WA TA FI DACEWA DA SHI?

In aka tattara duka, za a ga cewa diflomar lantarki ba riba ce ga kowa ba, ba kuma asara ce ga kowa ba. Tana biyan wanda yake da ƙarfi a lissafi, yake kuma son aikin hannu, ba ya ƙyamar hawa tsani da tsakar rana. Ba ta cika biyan wanda yake neman kujera da fanka a ofis ba, ko wanda aka tura don kawai a ce shi ma yana makaranta.

Kafin uba ya kwance ɗaurin kuɗinsa, akwai abubuwa huɗu da ya kamata ya bincika. Na ɗaya, ko hukumar NBTE ta amince da wannan kwas a wannan makaranta, domin takardar kwas ɗin da ba a amince da shi ba ba ta kai mutum babbar difloma ko rajista. Na biyu, ya je da ƙafarsa ko ya aiki wanda ya yarda da shi ya ga ɗakunan gwaji, ya tambayi ɗaliban da ke ciki sau nawa suke taɓa kayan aiki a mako. Na uku, ya yi lissafin shekara biyu cif, da abinci da mota da haya da kayan aiki, ba kuɗin zangon farko kaɗai ba, domin yaron da ya tsaya a tsakiya ya yi biyu babu. Na huɗu, ya ware wani abu tun yanzu na jarin kayan aiki, saboda ranar da yaro ya dawo da takarda, mita da tsani da injin huda bango ne za su fara kawo masa kuɗi.

Hasali ma, shawarar kawu da ta baffa ba kishiyoyin juna ba ne. Hanyar da ta fi ba da amfani ita ce a gama su. Yaro ya fara zama a shagon mai wayarin tun yana jiran sakamakon jarrabawa, ya riƙa komawa can a kowane hutu, ya zaɓi wurin horon wata huɗu inda za a bar shi ya riƙe filaya, ba inda zai zauna yana sa hannu a rajista ba. Irin wannan yaro yana shiga aji ya riga ya san kayan da ake zana masa a allo, yana kuma fita da abokan hulɗa suna jiransa. Sau da yawa ƙananan ayyukan da yake yi a unguwar makaranta su ne za su ɗauke wa uban rabin nauyin abinci.

'Yan mata ma ba a rufe musu wannan ƙofa ba. A garuruwan da ba kowane namiji ne ake bari ya shiga cikin gida ba, macen da ta iya gyaran wuta da kafa sola tana da kasuwar da babu mai yi mata takara a cikinta.

Su kuma hukumomi, nasu aikin a fili yake. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Ikon ba zai yi amfani ba in babu hannayen da za su kafa kaya su kuma kula da su. Rijiyoyin burtsatse masu aiki da rana da fitilun kan titi da suka mutu a ƙauyuka da dama don rashin mai gyara sun isa shaida. Kayan aiki a ɗakunan gwaji na Damaturu da Gaidam, da biyan tallafin karatu a kan kari, da ba 'yan ƙasa ƙananan kwangilolin gyara, su ne za su sa kuɗin da talakan Nguru da Gashuwa ya zuba a karatun ɗansa ya dawo masa gida.